Lamba Talatin da Bakwai a Littafin Mushe Bawa

Ku ƴan shagon da ke jikin nawa, na ji abin da kuke cewa. Bangon da ke tsakaninmu bulo ɗaya ne, kunnena kuma bai tsufa kamar idona ba. Kuna cewa Madam Zainabu ta cika bincike, takarda mai shafi goma sai ta kwana biyu a hannunta, alhali aikin nan danna maɓalli ne kawai. Ban musa ba. Ba na yarda da kile ɗin da aka miƙo mini, ƴar ma'ajiyar nan da ake kira filash, ba na yarda da wanda ya miƙo shi, ba na yarda da ordinatar ɗin, wato kwamfuta, da zan soka shi a ciki. Wanda ya shigo yana murmushi ya ce “gyara kaɗan ne, Madam,” shi na fi tsoro. Tunda kun ƙi zama ku ji daga bakina, na zauna na buga muku, don na lura abin da ya fito daga inji kun fi ba shi girma a kan mutumin da ke gabanku.

Aikin farko da ya sa ni hawaye rahoto ne mai shafi ashirin da wani abu, a kan mashin ɗin daktilo, wato tafireta. Lokacin ina koyo a hannun wani tsohon ma'aikaci ɗan kudu wanda ya daɗe a Dogon Dutsi har Hausarsa ta fi ta wasunku, kowa na kiransa Baba Akawu. Rahoton yana da abin da muke kira not, wato ƴar ƙaramar lambar nan da ake ɗorawa a kafaɗar kalma, mai karatu ya bi ta zuwa ƙarshen takarda ya ga wa ya faɗi maganar, a ina, ko daga wane littafi aka ɗauko ta. A daktilo, in za ka buga irin wannan lamba sai ka murɗa takarda rabin layi, ka buga, ka mayar da ita daidai inda take. Ga karbon uku a bayanta, in ka kuskure sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya da bilanko, farin ruwan goge kuskure. Na gama, na kai masa ina taƙama. Ya duba ya ce mai rahoton ya ƙaro not ɗaya a shafi na huɗu, don haka duk lambobin da ke bayanta sun tashi aiki. Na sake bugawa daga shafi na huɗu har ƙarshe.

Shi ya koya mini bin lamba daga baya. Ka ɗauki regil, wato rula, da jan bik, wato biro, ka buɗe shafin ƙarshe, ka aza regil a ƙarƙashin not ta ƙarshe. Ka koma cikin rubutu ka nemo lambarta, ka karanta maganar da ƙarfi, ka karanta sunan mai ita da ƙarfi, ka ji ko sun dace, sannan ka yi wa kowace alama. Daga nan ka hau zuwa ta samanta. Ya kan ce kowace lamba gida biyu gare ta, ɗaya a cikin magana ɗaya a baya, kuma sai ka shiga gidajen biyu da ƙafarka za ka san ko mutum ɗaya ne a ciki. Dalilin farawa daga ƙarshe kuwa, in lissafin bai cika ba, a layin farko za ka gani. Na yi shekaru ina yin haka kamar yadda nake alwala, ba tare da tunani ba.

Da ordinatar ya shigo, na buɗe shagona a nan kusa da tasha, na jefa regil a cikin aljihun tebur. Wa zai tuna da regil bayan ya ga inji yana goge kuskure ba tare da bilanko ba? Babu wanda ya koya mini shi, da laluben kaina na iya, kuma mai lalube rabin hanya yake sani. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne lambar not iri biyu ce. Akwai ɗaurarriya, wadda lojisiyal ɗin, wato manhajar rubutu, ke sakawa da kansa in ka bi ta ƙofar da aka yi domin haka. Ita wannan, lambar cikin rubutu da bayaninta na ƙarshe a ɗaure suke, in ka cire ɗaya ɗayar ta tafi, sauran duk su gyara zama a wuraren biyu. Akwai kuma sakakkiya, wadda ka buga da yatsanka ka ɗaga ta sama. A ido ba ka raba su. Ni a lokacin na cikin rubutu da yatsana nake bugawa, jerin sunayen baya kuma in bar inji ya jera musu lamba, tunda na ga yana yi ba a roƙe shi ba. Rabin aikin a hannuna, rabi a hannunsa, kuma babu wanda ya san abin da ɗan'uwansa ke yi.

Masu kawo aiki irin wannan ba su da yawa, kuma na san halinsu. Ɗalibin da ya dawo hutu daga Yamai da memuwar ɗinsa, wato kundin kammala karatu, not sittin, rabinsu ya kwaso daga memuwar ɗin yayansa har da kuskuren. Ma'aikacin da ya ce in ƙara masa lambobi ko'ina don rahoton ya yi kama da na masu ilimi. Waɗannan in lamba ta goce babu wanda zai yi ciwon kai, domin babu mai karanta shafukan baya. Haka na ɗauka har na girma a sana'a. Daga baya na gane akwai mutum ɗaya da ke karanta su, shi ne wanda yake neman wani abu.

Littafin Mushe Bawa a cikin buhun shinkafa ya iso shagona, kaye, wato littattafan rubutu, goma sha ɗaya masu shuɗin bango. Mushe, yadda muke kiran malamin boko ke nan, tsohon diraktan lekwal ne, shugaban makaranta da ya yi ritaya, mutum mai sanyin murya wanda ba ya zama sai an ce ya zauna. Ya yi shekaru yana bin tsofaffin wani ƙauye a karkarar Dumega yana rubuta tarihin garin daga bakinsu. Sunan ƙauyen ba zan faɗa muku ba, na san bakinku. Littafin da Faransanci yake, amma maganar tsofaffin ya bar ta da Hausa yadda suka faɗe ta. Abin da ya ba ni mamaki, a cikin rubutun ba ya kama sunan kowa. Kullum “wani dattijo ya ce,” “wata tsohuwa ta ce,” sai lamba. Sunayen duk suna cikin kaye na goma sha ɗaya, a jere, daga ɗaya har casa'in da huɗu. Na tambaye shi dalili, ya yi murmushi ya ce haka ya fi masa. Na ce a raina tsoron rigima ne irin na malaman lekwal.

Wata uku na yi ina bugawa, ana ɗauke wuta ana kawowa. Da na gama na tsara masa shafuka, na yi bango, na fitar da guda biyar na sa musu sifiral, murɗaɗɗiyar wayar nan mai haɗa shafuka. Ya ce zai raba wa dangi su duba kafin a kai Yamai a buga na gaske. Ya yi godiya har na ji kunya, ya tafi, na manta da shi.

Ran nan da hantsi, ranar kasuwa, a tsakiyar bazara, wani dogon tsoho ya tsaya a ƙofar shagona da malfa da sanda. Bai shigo ba sai da na ce bisimilla sau biyu. Ya ciro takardu biyu daga jakar fata, fotokofi ne, an ninke su har sun fara yagewa.

“Ke ta mai buga takardu?”

“Ni ce, Baba.”

“Ni na Ardo Jibo. Karanta mini wagga, in ji da bakin mai ita.”

Na gane shafin nan take, aikina ne, har da ƴar adon da nake sawa a ƙarƙashin lambar shafi. An ja layi a ƙarƙashin magana ɗaya. Na karanta: wani dattijo ya ce, “Rijiyar ga ba mu munka gina ta ba. Mun zaka mun ishe ta da masu ita.” A kafaɗar kalmar ƙarshe akwai lamba talatin da bakwai. Takarda ta biyu shafin baya ne, an kewaye talatin da bakwai da bik, a gabanta an rubuta: Ardo Jibo, makiyayi, hira a ruggarsa.

Tsohon ya gyaɗa kai. Ya ce, “Haka Sani ya karanta ƙohwar maigari. Malama, Mushe ya zo wurina sau ukku. Na ba shi sunayen shanu, na ba shi hanyar da muka bi in za mu arewa da damana. Wagga magana ba ta hita bakina ba. Ƙaƙa za ni ce mun ishe ta, kakana na ya ba da bajimai anka gina ta?”

A hankali ya ba ni labarin. Rijiyar nan tana bakin fadama, dabbobin ruggarsa a nan suke sha tun kakanni. Ƴaƴan babban gidan manoma na ƙauyen suna so su kewaye wurin su yi lambun zogale da albasa, an daɗe ana ja. Sai Sani, jikan gidan, wanda ke aikin ofis a nan gari, ya zo da shafuka biyun nan ya karanta a gaban jama'a, ya ce ga Ardo da bakinsa ya yarda su baƙi ne a bakin rijiya. Maigari ya ce to, a dakatar da shanu har a gani. An fara saran ƙaya. Kwana goma sha ɗaya ke nan ana kora garke wata rijiya mai nisan rabin yini, a cikin wannan rana. Abin da ya fi cin sa kuma, mutanensa sun fara cewa Ardo ya sayar da ruwansu da bakinsa don a sa sunansa a littafi.

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, na san wanda ya yi. Da gaske kuma na ɗauka na sani. Sani ɗan wan matar Mushe ne, kuma na tuna ya taɓa zuwa da kile ya ce Mushe ya aiko shi ya kwafi littafin. Me ya rage? Ya kai ofis ɗinsu, ya musanya suna, ya fitar. Washegari na tare shi a bakin titi yana kan babur, na yi masa wankin babban bargo a gaban masu kabu-kabu, ƴan hayar babur.

Ya bari na gama, ya cire tabarau. “Tanti, wallahi ban taɓa komi ba. Littahin da kinka sa ma sifiral da hannunki, shi na kai fotokofi. Abin da kinka buga na karanta, buwala, shi ke nan.”

Ban yarda ba. Mai gaskiya ba ya yin sanyi haka, na ce a raina. Na dawo na buɗe nawa ordinatar don in fitar da na asali in kunyata shi. Talatin da bakwai, Ardo Jibo. Amma nan da nan na samo amsa: ranar da ya zo da kile na fita sallar azahar na bar shi a shago, ashe a injina ya yi ta'asar. Na kwana biyu a kan wannan. Da na karɓo kwafin da ke hannun Mushe, wanda aka fitar tun kafin Sani ya taka shagona, na ga shi ma haka yake, sai na koma kan birus, cutar nan ta inji. Na sa aka kira mai gyara ya wanke injin. Daga birus na koma kan Mushe da kansa. Matarsa ƴar gidan manoman ce, wa ya sani ko shi ya shirya abin tun daga kaye, ya zo yana yi mini sanyin murya? Kwana shida na ɓata ina neman ɓarawo, shanu kuwa suna can suna tafiyar rabin yini.

Rana ta bakwai na buɗe aljihun tebur ina neman wani abu dabam, hannuna ya faɗa kan regil. Na ɗauko shi, na buɗe shafin ƙarshe, na aza. Not ta ƙarshe a baya casa'in da uku ce. Na koma cikin rubutu, lamba ta ƙarshe casa'in da huɗu. A layin farko, kamar yadda Baba Akawu ya ce. Na fara hawa ina karantawa da ƙarfi. Na iske limamin ƙauyen yana bayanin yadda ake dafa kalwa a yi daddawa. Na iske ungozoma tana koyar da ƙirar gatari. Kowa ya sauka a gidan maƙwabcinsa, tun daga ƙarshe har zuwa talatin da bakwai. Daga talatin da shida zuwa sama kuwa komai daidai yake. Wato suna ɗaya ya fita daga jerin baya a daidai wurin nan, inji ya matso da na ƙasa ya cike gurbin, lambobin cikin rubutu kuma, da yake sakakku ne, ko gezau ba su yi ba. Ardo shi ne talatin da takwas, aka turo shi sama ya ɗauki maganar wani.

A nan na sha jinin jikina. Ina da akwatin ƙarfe a ƙarƙashin tebur inda nake ajiye bugun farko na kowane aiki, don ban yarda da masu dawowa su ce ba haka suka kawo ba. Na zazzage shi a ƙasa na nemo na Mushe. A shafin sunaye, lamba talatin da bakwai tana nan, babu suna a gabanta sai dogon layi. An soke ta da jan bik, a gefe an rubuta “babu komai, a cire.” Na daɗe ina kallon rubutun ina neman yadda zai zama na wani. Nawa ne. Ni ce na ga layi babu komai, na ce ƙazanta ce a shafi, na share shi don aikina ya yi kyau.

Na ɗauki takardar na tafi gidan Mushe. Na iske shi a gindin bedi, wato dogon yaro, yana jin rediyo. Abin ya dame shi har ya rame, amma ya kasa gano inda ta ɓaci, don shi ma bai taɓa tunanin duba baya ba. Na aza masa shafin a gwiwa, na ce, “Mushe, ni na cire. Amma wa ke nan wurin? Don mi ka bar shi babu suna?”

Ya kalli dogon layin, ya sunkuyar da kai kamar mutumin yana tsaye a gabansa. Ya ce, “Surukina na, Madam. Mahaihin mai ɗakina.”

Sai komai ya buɗe mini. Tun da ya auri ƴar gidan bai taɓa kama sunan tsohon ba, ba da baki ba, ba da alƙalami ba. Dalilin da ya kwashe sunayen kowa ya kai baya ke nan, don kada ya zo kan wannan ɗaya a tsakiyar magana. Da ya iso wurin a kaye sai hannunsa ya ƙi, ya ja layi, da niyyar matarsa ta cika. Magana ɗaya tak ya samu daga tsohon, ita ma ba hira ba ce, a zaure ya ji shi yana faɗa wa wani baƙo, shi yana tsugune a gefe. Mai cewa “mun ishe ta da masu ita” tsohon gidan manoman ne da kansa, masu ita kuwa su Ardo ne.

Ya ce, “Na hwaɗa maki akwai wuri guda da Hajiya za ta cika. Ranar da anka ɗauke wuta, ina bakin ƙohwa.”

Har yau ban tabbata ya faɗa ba. Amma ko ya faɗa ko bai faɗa ba, jan bik ɗin nawa ne.

Gyara a inji aikin minti ɗaya ne, sai dai sabuwar takarda ba za ta tsayar da saran ƙaya ba. Za a ce Ardo ya zo gari ya lallashi mai bugawa. Sai mai maganar ya amsa ta a gaban mutane, kuma amsawar asara ce ga ƴaƴansa. A mota zuwa Dumega, da kan kabu-kabu daga can, abin da nake ta juyawa ke nan. Na riga na yanke cewa tsohon zai musa. Wa zai bar lambu saboda magana ɗaya da ya yi a zaure shekarun baya?

Mushe ya cire takalmi tun daga nesa, ya tsuguna a bakin zaure ya ba da gefe, ya yi gaisuwa. Tsohon yana kan tabarma an jingina shi da bango, idonsa ya yi fari. Ƴaƴansa uku suna zaune, duk masu furfura, da wakilin maigari da muka roƙa ya zo. Ardo ma ya zo, amma yana waje a ƙarƙashin gawo, ya ƙi shigowa. Tunda Mushe ba zai iya tambaya ba, ni ce zan yi. Na durƙusa na gaida shi, na faɗi ko ni wace ce, na faɗi abin da hannuna ya yi, ban rage ba. Sannan na karanta maganar, na ce, “Baba, wa ya hwaɗi wagga?”

Babban ɗan ya riga shi. “Tsoho ya tsuhwa, baiwar Allah. Ba shi tuna abin da ya ci jiya.”

Tsohon ya ɗaga hannu a hankali. Ya ce, “Abin da na ci jiya kam na mance. Wagga ban mance ba. Ni na hwaɗe ta. Kakana ya zaka ya ishe rijiya ginanna, da kwamin shayar da shanu bakinta, sunka ba shi ruwa ya sha kahin ya sari icce guda.” Ya juyo da fuskarsa inda ya ji muryata. “Ɗiyata, kin ce wurin babu suna?”

“Babu, Baba.”

“Yaron ga na da kunya, shi ya sa na ba shi ɗiya. Amma ke ba surukata ba ce. Rubuta. Gado, ɗan Nomau.”

Na rubuta a kan dogon layin da jan bik ɗin da na soke shi. Ƴaƴan suka ɗaure fuska. Na fito ina jin kunya biyu, ta abin da na yi wa Ardo da ta abin da na zata game da wannan tsoho. A makon nan aka janye ƙaya aka bar wa shanu hanya. Saniya huɗu masu ciki ba su kai ga ranar ba, tafiyar ta kashe su, Ardo da kansa ya faɗa mini ba tare da ya ɗaga murya ba.

Na sake littafin daga farko. Na goge kowace sakakkiyar lamba, na saka ɗaurarru casa'in da huɗu ɗaya bayan ɗaya, na bi su da regil daga baya. Tun daga ranar, duk aikin da ya shigo hannuna sai na gwada shi. In latsa lambar in ga ko za ta kai ni gidanta. In yi kwafi in cire ɗaya in ga ko sauran za su motsa a wuraren biyu. In an ɗauko rubutu daga wani lojisiyal zuwa na tsara shafi, in sake gwadawa, don a hanya ɗauri kan kwance ba tare da sanarwa ba. Layin da na iske babu komai kuma ba na taɓa shi sai na ga mai shi ido da ido. Wannan shi ne kwana biyun da kuke yi mini dariya a kai.

Da na fitar da sabon, Ardo ya zo ranar kasuwa. Bai iya boko ba, sai ya ce in ɗora yatsansa a kan talatin da bakwai, na ɗora. Ya ce in kai shi baya, na kai shi, na karanta masa sunan Gado. Ya ce nasa fa? Na sauko da yatsan layi ɗaya, na koma ciki na karanta masa sunayen shanunsa. Ya yi murmushi a karon farko. Sannan ya tambaye ni abin da ban shirya masa ba.

“Waɗanda sunka riga sunka hita fa, Malama? Injin naki na kiran su su komo?”

Na ce za a tattaro su. Mun karɓo guda biyar ɗin masu sifiral, Mushe ya ƙone su. Fotokofin Sani kuwa babu wanda ya san adadinsu, shi kansa bai sani ba. Tsoho Gado ya rasu da damanar shekarar. Ardo ya bi shi bayan shekara biyu. Mushe yanzu ba ya gane mutane.

Ranar kasuwar da ta wuce wani saurayi ya shigo mini da takardu biyu, ya ce fotokofi ashirin-ashirin, sauri yake yi. Kwafin kwafi ne, sun yi toka-toka, amma ƴar adon nan tawa tana ƙarƙashin lambar shafi, kuma an sake kewaye talatin da bakwai da sabon bik. Na tambaye shi ina za a kai, ya ce zama za a yi a ƙauyensu kan maganar lambu. Na ce wannan shafin kuskure ne, ni na yi shi, ya zauna in ba shi na gaskiya. Na tsuguna ina jawo akwatin ƙarfe. Ya ce shi ba tarihi ya zo ji ba, ya zare takardunsa daga kan tebur ya fita.

Ban kai ga miƙewa ba na ji ya yi sallama a ƙofarku. Na ji ɗayanku ya ce masa, “Kawo nan, patron, mu ba mu da dogon bincike.” Na ji injinku ya tashi ta bayan bulon nan, ina durƙushe da littafin Mushe a hannu. Na ƙirga har arba'in.

Zaman ƙauyen jibi ne. Na fitar da shafukan gaskiya, na ɗauki takardar da ke da jan bik ɗina da sunan Gado, na kama wuri a motar Dumega. Amma a wannan karon babu tsohon da zai ɗaga hannu a zaure ya ce shi ya faɗa. Daga ni sai takarda, kuma tasu ma takarda ce, ni na buga ta.